Jirgina Ya Ga Abin Da Alƙali Bai Gani Ba

Gwaggo Slavica, don Allah ki cece ni, kaina ya kulle, ko abinci ba ya shiga.

Ni mai gyaran firji ne a Kragujevac, amma duk Asabar nakan ɗauki bidiyon gasar harbi a kulob ɗinmu da ɗan jirgina marar matuƙi. Irin gasar nan ce da mutum ke gudu da ƙaramar bindiga daga shinge zuwa shinge yana harbin kwali da farantan ƙarfe, alƙali na biye da shi. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: bakin bindiga ba ya juyowa baya wajen mutane. Ko kuskure ne, an kore ka daga gasar ke nan.

A gasar da ta wuce Vukašin ne ya ɗauki kofi. Shi ne kum ɗina, shi ya tsaya mini ranar aurena kamar yadda ubansa ya tsaya wa ubana, kuma shi zai raɗa wa jaririnmu suna a coci wata mai zuwa. Kin san ba a yi wa kum musu. Da na zauna tace bidiyon, sai na ga ya zame a tsakuwa yana canza gidan harsashi, bindigar ta waiwayo ta saiti cikin Baba Živko, alƙalinmu, tsoho mai jikoki. Yatsan Vukašin kuma na kan kunamar bindigar! Daga ƙasa ba wanda ya gani, kafaɗarsa ta kare. Daga sama kuwa, wayyo, ƙiri-ƙiri. Na koma tsofaffin bidiyo, ashe ba yau ya fara ba, duk sanda zai juya hagu haka hannunsa ke yi.

Na kira shi na faɗa masa. Dariya ya yi, wai, "Haba kum, kai da ko tattabara ba ka taɓa harba ba, ƙudan nan naka ne zai koya mini riƙon bindiga? Yanke wurin ka sa kiɗa." Ya ƙara da cewa dokar gasa ba ta karɓar bidiyo a matsayin shaida, kuma gaskiyarsa ce, na duba. Matata Jelisaveta ta ce in na kunyata kum ɗinmu in nemi wurin kwana. Ga shi kulob na jira a haska bidiyon a walimar ƙarshen shekara, ga gasasshen rago ga barasarmu da muke kira rakiya, Baba Živko a kujerar gaba. Haushi nake ji, tsoro nake ji, kuma ina son mutumin nan kamar ɗan uwana na jini. In yanke ne, ko in bari kowa ya gani?

Mai Jirgi, daga Kragujevac, yankin Šumadija

Ɗana Mai Jirgi,

Matarka tana da gaskiya a wuri ɗaya. Walima ba wurin tonon asiri ba ce, mutumin da aka muzanta a gaban abokansa da rakiya a cikinsa ba ya gyaruwa, gaba kawai zai ƙulla. Yanke wurin daga bidiyon walima, ka bar masa kofinsa, ba shi ne damuwarmu ba.

Amma kada ka goge na asali. Vukašin ta waya ya ji labari, bai gani ba, kuma mai harbi ba ya ganin hannunsa. Ka je gidansa da kanka, ku biyu kaɗai, ka haska masa a babban talabijin, sabon bidiyon da tsofaffin duka, a hankali. Kada ka yi wa'azi, ka bar shi ya kalli cikin tsohon nan. Sannan ka gaya masa a fili: ko dai shi ya kai kansa wurin Baba Živko a gyara masa juyin hagun nan da bindiga ba harsashi, ko kai ka kai bidiyon kafin gasa ta gaba. Ka nuna wa Jelisaveta ita ma, na tabbata ba ta gani ba.

Zai iya fushi, har ya ƙi zuwa coci, ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan da ciwo, amma ana shiryawa. In kuwa wata Asabar bindigar ta tashi, kai ne za ka zauna a gidan makoki kana kallon jikokin Baba Živko, kai kaɗai ka san an nuna maka tun daga sama ka sa kiɗa a kai.

Ka je yau, kada ka jira Asabar. Allah ya sanyaya zuciyar kum ɗinka, ya raya jaririn.

Gwaggo Slavica