Kwana Huɗu a Bakin Tafki, Ni da Yayarka

Zuwa ga maigidana Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Yara suna lafiya, gida ma lafiya. Yau sati biyu da fitata takaba, na yi kitso, na koma makaranta wurin ɗalibaina.

Na gama gaisuwar da aka koya mini. Yanzu ka gyara zama, domin faɗa na zo yi da kai, kuma a bainar jama'a zan yi shi, a wannan shafi nawa da 'ya'yanka da abokan cinikinka na kasuwar Maigatari suke leƙawa. Na san da kana raye da ka ce, "Haba Malama, a rufa asiri mana." To rufin asirin nan naka shi ne abin da ya kawo ni.

Ka tuna shekara shida da suka wuce, ranar da ka dawo daga kai shanu Legas? Ka kira ni ɗaki, ka tura ƙofa, har na ɗauka mutuwa aka yi. Ashe hoto za ka nuna mini a waya. Wani ɗan gida ne na katako a bakin tafki, can wajen Badagiri. Barandarsa a kan ruwa take, da kujeru biyu, da kwalekwale a ɗaure a gefe. Ka ce a bayansa akwai 'yar hanya cikin itatuwan kwakwa, tafiyar minti goma mutum ya isa teku. Ka ce wani mahauci da kake kai wa shanu ne ya ba ka labarinsa, kuma miji da mata kaɗai ake ba haya, ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya. Ka rage murya ka ce, "Na kama mana kwana huɗu. Mu biyu kawai."

Ni 'yar Sule Tankarkar ce, ka sani. Babban ruwan da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari da damina, sai kogin Haɗeja da na taɓa hangowa daga kan gada. Shekara da shekaru ina zana wa 'yan aji huɗu teku da shuɗin alli a kan allo, ina ba su labarinsa kamar a can aka yanke mini cibiya. Amma wallahi ba ruwan ne ya sa na kasa cin abinci ranar nan ba. Kalmar "mu biyu" ce.

Shekararmu ashirin da huɗu da aure a lokacin, kuma gidan nan bai taɓa zama namu mu kaɗai ba. Inna mahaifiyarka tana nan har Allah Ya ɗauke ta, 'ya'yan ƙannenka suna nan, kowace Laraba baƙinka na Nijar su cika zaure suna jiran kasuwar Alhamis. Ban taɓa ƙorafi ba, na dafa, na shimfiɗa, na yi fara'a. Amma ni da kai ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In za mu gaisuwa kana gaba ina baya, wanda bai san mu ba sai ya ce hanya ce kawai ta haɗa mu.

Na ɗinka atamfa uku na ɓoye a ƙasan akwati kamar kayan sata.

Saura kwana goma tafiya ka je sallamar babban wanku, Alhaji Babba, kamar yadda aka saba. Ya tambaye ka, lafiya za ka ɗauki iyali har Legas? Amsar ba ta da wuya, Alhaji. "Hutawa za mu yi." Ko ɗan aji ɗaya zai iya haɗa wannan jimlar. Amma kai da kake tsayawa a tsakiyar kara ka yi wa dillalai goma tsawa su yi tsit, kunya ta kama ka. Ka ji tsoron a ce dattijo mai furfura ya ɗauki mace sun tafi yawon shan iska kamar yaran zamani. Sai ka buɗe baki ka ce idona ne yake damuna, za ka kai ni ganin likita.

A bakin maƙwabta na ji labarin rashin lafiyata. Na dawo daga makaranta na tarar da mata cike da tsakar gida, kowa na ce mini ya jiki. Kafin kwana biyu an kawo mini rubutu na wanke ido, an kawo kwalli ɗan Madina, hedimasta ya ba ni hutu yana ta yi mini addu'a har kunya ta kama ni. Kai kuma ka shigo da wani baƙin tabarau da ka saya a kasuwa, ka miƙo mini kana kallon takalminka. Ka ce in yi haƙuri, da mun bar Gumel magana ta ƙare.

Yaya aka yi ka manta a garin da kake? A ina ka taɓa ganin an kai mace asibiti ba tare da mai jinya ba? Ana gobe tafiya sai ga yayarka, Yaya Laure, daga Gagarawa, da ƙullin kayanta da tabarmarta da butarta. Ta bar awakinta a hannun maƙwabta, ta bar gyaɗarta a gona ba a gama cira ba. Ta ce namiji ba ya jinya, kuma ba za a kai matar ƙanenta uwa duniya ita tana zaune ba. Ina bakin murhu na tsaya da ludayi a hannu ina jiran abin da za ka ce. Ka ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya."

Da a ce ludayin nan zai iya magana, da ya ba ka labarin abin da na so yi da shi.

Daga Kano har Legas ita ce a gefena a mota, kana kujerar baya. Ta hana ni leƙa taga wai hasken rana zai ƙara mini ciwo, ta ja mayafi ta rufe mini fuska. Na ratsa ƙasar nan tun daga sama har ƙasa, abin da na gani kawai zanen mayafina ne.

Mai gidan hayar, wata Bayarabiya mai fara'a, ta fito tarbarmu, ta ƙirga mu da ido, fara'ar ta ragu. Cikin Hausarta ta tsinta-tsinta ta ce biyu ne, ba uku ba. Ka ja ta gefe kuka yi ƙus-ƙus, kuma ka gyara lissafin yadda ka iya. Biyu suka zauna a gidan, ni da Yaya. Kai ka ɗauki jakarka ka tafi masaukin 'yan shanu wurin mutanenmu, inda ka saba sauka.

An barbaɗa jajayen furanni a kan gadon nan, Alhaji. An ajiye kwakwa biyu a tebur da tsinken sha a kowace. Yaya ta tsaya ta daɗe tana kallon gadon, sannan ta sa hannu ta kakkaɓe furannin ta ce za su jawo kiyashi. A kan wannan gadon na kwana huɗu ina sauraren minsharin yayarka.

Baranda da rana, an hana ni, wai ƙyallin ruwa yana kashe ido. Hanyar teku, an hana ni, wai iskar tana da gishiri. Ina jin rurin tekun daga bayan itatuwa safe da yamma, ina zaune a ɗaki da baƙin tabarau. Kai kuma kullum sai ka zo da hantsi ka zauna a kujera ɗaya, Yaya a ɗayar, ni a tabarma, kuna hirar farashin gero a Gagarawa.

Abin da har gobe in na tuna nake jin zuciyata na tafasa shi ne rana ta biyu. Don ƙaryarka ta tsaya da ƙafarta, sai da ka kai ni wurin likitan ido na gaske. Ya ɗiga mini wani magani, ya haska, ya ce idona ya fi nasa lafiya. Maganin nan ya sa na wuni ina ganin dishi-dishi. Na je da ido lafiyayye har bakin tafkin da na yi wata guda ina mafarkinsa, ka biya aka dushe mini shi.

A rana ta uku da safe Yaya ta ce kanta na sarawa, za ta kwanta, ka raka ni in ɗan taka kada ƙafata ta sage. Muka bi 'yar hanyar nan, kana gaba ina baya kamar kullum. Da itatuwan suka ƙare sai ka tsaya, ka jira ni har na iso kafaɗarka. Na cire tabarau.

Ban san yadda zan faɗa maka abin da na gani ba, ko da yake kana wurin. Na dai san shuɗin allina ƙarya yake yi wa yaran mutane. Ka tuɓe takalmi, ka naɗe wando, ka shiga kana cika baki wai kai ka saba. Igiyar ruwa ta taso, ka kwasa da gudu, hularka ta faɗi ruwa ya tafi da ita. Na yi dariya har na durƙusa a yashi. Ka dawo kana haki, kanka ba hula, ka kama hannuna ka ɗaga ni, kuma ba ka saki ba. Ka ce, "Zulai." Rabon da in ji sunana a bakinka tun shekarar da aka kawo ni gidanka.

Awa ɗaya muka yi. Sai ka dubi agogo ka ce mu koma kada Yaya ta ji shiru.

Muka dawo Gumel aka yi ta barka, ido ya warke, likitocin kudu sun iya aiki. Shekara shida ke nan duk inda na shiga sai an ce, Malama ya idon? Ni kuma in ce da sauƙi. Ka mayar da ni maƙaryaciya a garin da nake koya wa yara cewa ƙarya haramun ce. Ka yi ta cewa za mu koma, bayan Sallah, bayan damina, bayan bikin 'yarmu Nafisa. Duk lokacin da ka faɗa nakan tambaye ka abu ɗaya, me za mu ce wa mutane? Sai ka jawo rediyo.

Ko da ciwon ajali ya zo, haka aka yi. Kwana tara kana asibiti, ɗakin bai taɓa zama ba mutane ba. Yayye, ƙanne, abokan kasuwa, ni kuwa mai kawo abinci ce, in ajiye in koma bakin ƙofa. Minti biyar kawai nake nema. Ranar ƙarshe ka hango ni ta saman kafaɗar Alhaji Babba, na ga leɓenka ya motsa, na matso. Sai ka juya ka tambaye shi ko motar shanu ta isa lafiya. Ina jin haushinka, Alhaji, ina jin haushinka ƙwarai. Ina jin haushin kaina ma, don ni ma Allah Ya ba ni baki, na zauna ina jiran naka.

Ranar Asabar da ta wuce na je Gagarawa yi wa Yaya Laure bangajiya. Ta tsufa sosai tun rasuwarka. Na same ta a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, na zauna ina taya ta. Can na ce bari in sauke kayan nan, na ce mata idona bai taɓa ciwo ba.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ta sani tun da ta ga furanni a kan gado, ita da ta haifi tara ba yarinya ba ce. Ta ce in tuna, ko sau ɗaya na ga ta kwance ƙullin kayanta a gidan nan? Kullum da safe a shirye take, jira take ka ce, Yaya, ki je wurin ɗanki a Agege ki kwana biyu, ta ɗauki butarta ta tafi. Ita ba za ta fara faɗa ba, don in ta faɗa ta ƙaryata ƙanenta a gaban matarsa. Duk hana ni baranda da ta yi, wai don ka ji zafi ka yi magana ne.

Na ce, to ciwon kan fa? Ta ce, "Kaina lafiyarsa ƙalau. Wuni guda na ba ku, Zulai. Na ja ƙofa na ce a raina ba zan gan ku ba sai magariba. Kuka dawo mini bayan awa ɗaya."

Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Tana shafa bayana tana cewa haka kake tun kana yaro, in kana son abu sai ka tsaya kusa da shi ka yi ta kallon wani wuri.

Shi ya sa na rubuto, kuma shi ya sa na bar ƙofa a buɗe kowa ya karanta. Abin da ka kasa faɗa wa Alhaji Babba, ga shi na faɗa a madadinka. Ba asibiti muka je ba. Hutawa ka kai ni, don kana sona, kuma ni ma ina sonka. Ka ga, na faɗa, ba abin da ya faru. Duk wanda ya sake tambayata ya ido, wannan amsar zai samu.

Atamfofin nan uku, ɗaya kaɗai na sa. Biyun suna nan a ƙasan akwati da karinsu. Tabarau ɗin ma yana nan, na ɗauko shi sau biyu zan jefar na fasa, don kai ka saya mini.

Allah Ya jiƙanka, Alhaji, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Na yafe maka ƙaryar, na yafe maka likitan. Ragowar wunin nan ne har yanzu nake fama, amma ina roƙon Allah Ya sanyaya mini. Allah Ya haɗa mu a gidan da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsa. In ka riga ni shiga, aka tambaye ka wa kake jira a bakin ƙofa, don Allah wannan karon ka faɗi gaskiya.

Matarka,
Zulai