Shafuka Takwas da Zulai Ta Ɓoye

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Koyar da Matasa Sana'o'i, Haɗejiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina yi maka jajen ruwan da ya ci shinkafa a bana. Na samu labarin har da gonarka ta hanyar Auyo. Allah Ya mayar da alheri.

Ni ne Haruna, mai koyar da ajin kwamfuta a cibiyarka. Kai ka koya mini lissafi a sakandare, kai kuma ka kira ni wannan aiki, don haka sai da na daɗe ina juya biro kafin na yarda in rubuto maka a bainar jama'a. Sau biyu na miƙa takarda ta ofishin magatakarda ban ji amsa ba, kuma na san uzurinka. Sai dai sakamakon da nake kuka a kansa an liƙa shi ne a allon sanarwa, kowa ya karanta, ga shi yaye ɗalibai saura kwana tara.

Maganar Zulai Bukar ce, ɗalibata, wadda aka rubuta cewa ta faɗi aikin ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: kowane ɗalibi zai nemi gidan abinci ya shirya masa allo da manhajar da ake tsara shafukan gabatar da jawabi. Kowane abinci da shafinsa, da hotonsa, da sunansa, da farashinsa, shafukan su riƙa juyawa da kansu a talabijin, mai shigowa ya ɗaga kai ya zaɓa. Zulai ta zaɓi shagon Mama Rifkatu, wata mutuniyar Filato da ta daɗe tana sayar da abinci kusa da tasha. Akwai tsohuwar kwamfuta da ɗan Mama ya bari, ita Zulai ta haɗa da talabijin ɗin shagon. Allon yana aiki tun makonni biyar da suka wuce, yana aiki yau ma da nake wannan rubutu.

Ga abin da masu jarrabawa suka kafa hujja da shi, ga kuma abin da na sani.

1. Sun ce ƙa'ida shafi goma ne, nata huɗu ne kacal.

Shafukan Zulai goma sha biyu ne. Ka san yadda kifi yake a garin nan: abin da masunta suka fito da shi da safe shi ne abin da za a dafa. Yau tarwada, gobe karfasa, jibi ragon ruwa, wata rana babu ko ɗaya. Kuma kafin la'asar rabin tukwanen Mama sun koma wanke-wanke. Zulai ta zauna a shagon kwana uku tana kallo kafin ta taɓa kwamfuta, ta lura mutum zai zauna, ya wanke hannu, ya faɗi abin da yake so, sannan a ce masa ya ƙare. Sai ta koya wa Mama yadda ake ɓoye shafi ba tare da an goge shi ba. Abinci ya ƙare, a danna sau biyu, ya ɓace daga talabijin. Gobe a dawo da shi. Ni ban koyar da wannan a aji ba, ita ta tono shi.

Ranar miƙa aiki ta tashi daga shagon da la'asar, ta kwafo aikin a filash, ɗan abin nan na ajiye aikin kwamfuta, yadda yake a wannan lokaci. Ranar kasuwa ce, abinci kala huɗu ya rage: shinkafa da wake, tuwo da miyar kuka, burabusko, sai kwaɗon zogale. Masu jarrabawa suka kunna, shafuka huɗu suka juya suka sake dawowa, suka rubuta abin da suka gani. Ban ga laifinsu ba, ɗalibai da yawa suke dubawa a yini guda. Ni kuma ba na wurin, doka ta hana malami shiga ɗakin, kuma doka ce mai kyau. Da na tambayi Zulai me ya hana ta yi musu bayani, cewa ta yi, "Malam, sun ce kada wanda ya yi magana sai an tambaye shi, kuma ba su tambaye ni ba." Sauran takwas ɗin suna nan cikin filash ɗin da ke ofishinka. Minti ɗaya ya isa a buɗe a gani.

2. Sun ce hotunanta ba su da kyau.

Gaskiya ne ba su kai na wasu sheƙi ba. Da wayarta ta ɗauke su, a kan teburin shagon, a farantan silba na Mama, har ana ganin gefen ledar tebur a guda biyu. Amma da farko ba haka ta yi ba. Hoton farfesun kifi ta sauko da shi daga intanet, kifi yanka uku manya-manya a farin tangaran. Kwana biyu da sa shi wani direba ya yi oda, aka kawo masa, ya dubi farantinsa, ya dubi talabijin, ya ce, "Mama, wannan ƙaninsa ne. Na jikin bango za ki ba ni." Shago ya kwashe da dariya, amma Mama ba ta yi dariya ba, don mutumin ya biya ya fita yana cewa har a abinci an fara yaudara. A ranar Zulai ta goge duk hoton da ba daga tukunyar Mama ya fito ba. Ranka ya daɗe, ɗalibina da ya zo na ɗaya, yaron kirki ne kuma ina alfahari da shi, a allonsa akwai hoton abincin da ba a taɓa dafa shi a Haɗejiya ba.

3. Sun ce babu Turanci, kuma rubutun ba ya motsi.

Masu cin abinci a shagon nan direbobi ne, da masu acaɓa, da manoman da suka shigo daga fadama sayar da tattasai. Da yawansu ba sa karanta boko. Shi ya sa Zulai ta sa hoto ya cika fuskar talabijin, farashi da manyan lambobi, suna da Hausa, ƙarƙashinsa da ajami. Mahaifinta ne ya duba mata ajamin. Motsin rubutu kuwa ta gwada, haruffa suna faɗowa daga sama suna juyi, wani dattijo ya ce kafin ya gama haɗa baƙi abin ya gudu. Ta cire, ta ƙara wa kowane shafi lokaci.

4. Laifina.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Takardar da ke ɗauke da ƙa'idojin ba da maki ta iso hannuna tun farkon zango. Na karanta wa ɗalibai ita sau ɗaya, na jefa a aljihun tebur. Abin da na riƙa nanata musu kullum shi ne su je su zauna a shagon, su kalli masu shigowa, su yi abin da zai amfane su. Yawancinsu sun gyaɗa kai suka bi takarda. Zulai ce ta ɗauki maganata da gaske. Da na tuna mata ta buɗe duk shafukan kafin ta miƙa, da na ce ta ƙara layin Turanci ko don masu jarrabawa, da ba mu zo nan ba. Murnar yadda aikin ya karɓu ce ta ɗauke mini hankali. Tun da aka liƙa sakamako ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, gaisuwa kawai take yi kamar kullum, wannan ya fi mini ciwo.

Ka san wanda bai ci ba ba ya samun takardar shaida, ba ya kuma cikin waɗanda cibiya za ta ba kwamfutar fara sana'a. Masu gidan abinci biyu sun riga sun nemi Zulai ta yi musu irin na Mama, ɗaya ma daga Kaugama ya zo. Da kwamfutar aji take aiki, ranar yaye kuwa za a rufe ajin. Ta Mama ba ta fita daga shago. Idan aka bar sakamakon nan yadda yake, sana'ar da ta riga ta kama za ta tsaya ranar da ake bikin koyar da sana'a.

Ban manta kai ne ka yi ta zirga-zirga har aka sa mana sola ba, kuma da ruwa ya shigo harabar cibiya da hannunka ka ɗauki kwamfutoci zuwa bene. Wurin mutumin da ya yi wannan nake roƙon abu uku.

Na farko, a buɗe filash ɗin Zulai a gaban wanda ka yarda da shi, a ƙirga shafukan, a sake ba ta maki kafin ranar yaye. Ba alfarma nake nema mata ba. Idan an duba ta faɗi, ta faɗi.

Na biyu, daga zango mai zuwa a ba kowane ɗalibi ko da minti uku ya bayyana dalilin abin da ya yi, kuma a ware maki ga allon da aka tabbatar yana aiki a shago na gaske.

Na uku, idan dole wani ya ɗauki hukuncin kuskuren nan, a rubuta mini takardar gargaɗi a sa a fayil ɗina. Zan sa hannu ba tare da gardama ba.

In kuma ka samu sarari, ka biya shagon Mama Rifkatu ka ci abincin rana, ba sai ka faɗi ko kai wane ne ba. Ka zauna ka kalli yadda mutane suke ɗaga kai su nuna da yatsa. Idan ka je bayan azahar ba ka ga tarwada a talabijin ba, ta ƙare ne. Shafinta yana nan, gobe da safe zai dawo.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya dafa maka a kan amanar yaran nan, Ya sa ka gama da ita lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Haruna, malamin ajin kwamfuta.