Wata takwas ina yi wa 'yar yayata muryar uwarta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na ɗaure kaina da hannuna kuma na rasa ta inda zan fara kwancewa.

Ni tela ce a Dungas, na yi lakwal, wato boko, har kolej kafin a yi min aure. Ina riƙon 'yar yayata, zan kira ta Balki duk da ba sunanta ba ne, shekararta goma sha ɗaya, tana ajin ƙarshe na firamare. Uwarta ta bar min ita ne lokacin da aurenta ya mutu, ta tafi Agadas tana sayar da abinci. Duk Juma'a sai ta turo wa yarinyar saƙon murya a wayata, abin da muke ce wa vokal, ita ma ta mayar mata.

Wata takwas da suka wuce, ana cikin girbin gero, yayata ta kwanta kwana huɗu, Allah ya karɓi abarsa, a can aka binne ta. A lokacin Balki tana kwance da zazzaɓi mai tsanani, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Tsohuwarmu ta ce kada wanda ya kuskura ya faɗa mata, ai ba a yi wa yaro albishir da mutuwa, ana ce masa ne an yi tafiya har ya girma ya gane da kansa, mu ma haka aka yi mana da babanmu ya rasu. A Yekuwa, inda tsohuwarmu take, aka yi zaman makoki, ni na ce wa yarinyar biki za ni. Maƙwabtan da suka sani duk na bi su na roƙe su su yi shiru.

Da ta warke abin da ta fara tambaya shi ne vokal ɗin Innarta. Juma'a biyu ina cewa babu rezo a can, wato waya ba ta shiga. Ta uku ta ƙi cin abinci, ta zauna a bakin ƙofa da wayata a cinyarta. To ni da yayata muryarmu ɗaya ce, tun muna yara tsohuwarmu ba ta bambance mu idan muna bayan danga. Kuma wayar marigayiyar tana hannuna, direba ya kawo ta tare da kayanta. Na tafi shago na rufe ƙofa, na kunna wayar, na yi magana yadda take yi, na turo wa kaina. Wallahi niyyata sau ɗaya ne. Da na ga yadda yarinyar ta cinye tuwonta ranar har da neman ƙari, sai na kasa dainawa.

Abin da ya tono ni littafi ne. Madam ɗin ajinsu tana da ɗan akwati na littattafan labari na Faransanci, ta raba musu kowa ya karanta ya rubuta abin da ya fahimta a kaye, wato littafin rubutu. Na Balki labarin wata yarinya ce sa'arta da uwarta ta rasu. Ni kaɗai ce mai karatun boko a gidan, don haka duk yamma sai ta kawo shi gaban keken ɗinkina, ta karanta ina fassara mata kalmomi masu wuya. Tun shafi na biyar na so in ce ta mayar ta karɓo wani, amma da wane dalili?

A labarin, ranar da uwar ta rasu uban ya zaunar da yarinyar ya faɗa mata. Ta yi fushi da kowa, ta daina magana, ta ɓoye ɗankwalin uwar ta hana a wanke saboda ƙamshin. Balki ta ɗago ta ce, "Tanti, su can ba sa ɓoye wa yara ne?" Na ce kowa da al'adarsa. Ta ce, "To wanne ya fi ciwo?" Na ce ta karanta, zaren keke ya tsinke min, alhali ba abin da ya tsinke.

Da muka kai tsakiya, akwai wurin da yarinyar ta farka da safe ta gane ta fara manta muryar uwarta, tana kuka tana ƙoƙarin tunowa. Balki ta rufe littafin ta ce, "Ni ma idan na tuno muryar Inna yanzu, taki nake ji." 'Yan uwa, nan ne na san ɓarnar da na yi. Na hana ta kukan uwarta, na hana ta yi mata addu'ar gafara, wata takwas tana sallah tana roƙon Allah ya dawo da Inna lafiya, yanzu kuma har muryar da ta rage mata na goge da tawa.

Na hau kabu-kabu na je Yekuwa na faɗa wa tsohuwarmu. Ta rufe ni da faɗa, wai littafin nasara ne zai koya mana rainon 'ya'ya, wai in na faɗa wa Balki yanzu ta faɗi jarrabawar satifika da ta rage sati uku, alhakin yana wuyana. Mijina kuma cewa ya yi tun farko ya hana ni wasa da muryar mamaci, yanzu in san yadda zan yi. Madam ba ta san komai ba, har yabon yarinyar take yi wai ta fi kowa fahimtar littafin.

Juma'ar da ta wuce Balki ta karɓi wayata ta shiga ɗaki ta yi nata vokal ɗin. Da na je shago na saurara a wayar marigayiyar. Kun san Balki 'yar fari ce, yayata ba ta taɓa kiran sunanta a gaban mutane saboda kunya, sai dai "ke yarinya". Ashe akwai sunan da take kiranta da shi idan su biyu ne kawai. Balki ta gaishe ta da ladabi, ta ce karatu lafiya, sannan ta ce, "Inna, don Allah a na gaba ki kira ni da sunan nan namu, na daɗe ban ji ba."

Ban san sunan ba. Na saurari tsofaffin vokal ɗin yayata duka, babu, don ta san a wayata suke sauka. Yau Laraba. Yarinyar ba ta ƙara tambayata komai ba, tana yi min shara, tana cin abincinta, sai dai ta daina kallon idona. Jiya ta gama littafin, ta ajiye shi a kan kekena ta ce, "Tanti, ita a ƙarshe an kai ta ta ga kabarin."

Ina jin ta sani, jira take in faɗa da bakina. Ina tsoron in faɗa ta rushe ana gab da jarrabawa, ina tsoron in yi shiru ta tsane ni har abada, kuma ba ta da kowa sai ni. Waɗanda kuka rasa uwa kuna yara, ku ne nake roƙo, wa ya faɗa muku, da wace kalma ya fara? In faɗa mata gaba ɗaya har da zancen muryar, ko in bar wannan? Don Allah ku amsa min kafin jibi, Juma'a za ta zo ta miƙo hannu ta karɓi wayar.