Ranar da Inna Ta Sake Ganin Taurari

Daren Laraba, tsakiyar sanyi, Ngaski.

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta. Yau na je Yelwa sayen madubin hangen nesa. Babba na yi niyyar saye, mai ido kamar bakin tulu. Alhaji mai shagon ya tambaye ni wa zai yi kallo da shi. Na ce ni da Inna, wadda idonta ya yi rauni har ta daina ganin taurari.

Sai ya mayar da babban cikin kwali, ya ɗauko wani ƙarami mai araha. "Wancan nauyi gare shi, Malam. In hannun tsohuwa na rawa, taurarin ma rawa za su yi. Ɗauki wanga." Mutum ya bar riba saboda tsohuwar da bai taɓa gani ba! Allah ya saka masa.

Bayan isha'i na kai ta bakin ruwa, ina addu'ar kada ta kasa ganin komai. Na saita mata shi wajen taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, na tallafe mata hannu. Ta yi ta leƙawa har na fara karaya. Can sai na ji tana ƙirgawa a hankali.

"Sani," ta ce, "ashe tun da na bar kallo kazar ga ta ƙara ƙyanƙyasa."

Ta hana ni madubin. Yanzu haka yana ƙarƙashin matashinta.