Takardar Kawu Balarabe

Sundimina,
farkon damina, 1975

Zuwa ga Yayata A'i,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da sanyin Jos ɗin nan da kullum kike kuka da shi kamar dole aka yi miki. Mu nan sai godiya. Fatsuma ta yi wayo, bakinta kuwa naki ta ɗauko sak, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Malam yana gaishe ki. Tarin nan dai bai sake shi ba tun rani, har ya kai idan yana biya wa yara karatu sai ya tsaya ya huta. Ba ya cin komai sai kunun tsamiya, shi ma sai na hannuna, kuma sai na tsaya a kansa ina masifa.

Yaya, nemi wuri ki zauna. Barau ya dawo.

I, Barau dai, mijina na fari, wanda ya ce mini zai je Kano ya dawo, ashe soja ya shiga, shekarar da aka fara yaƙi. Kin tuna yadda ya bar ni a Maruta, ba wasiƙa, ba saƙo, ba ko ƙwayar gero. To ga shi ya ɓullo da rediyo a kafaɗa da kunne ɗaya da ba ya ji. Ko ruwa bai gama sha ba ya wuce kotun Gwaram ya kai ƙara, wai an aure masa mata. Kin ji ƙarfin hali! Masinjan kotu ya kawo mana sammaci jiya.

Malam ya damu, ni ko dariya na yi. Ke kina Jos lokacin, bari in tuna miki. Da na gaji da zaman jira, Baba kuma ya riga ya rasu, Kawu Balarabe ne ya hau jakinsa ya tafi Gwaram don a raba auren. Na ce in bi shi, ya ce tir, 'yar malamai ba ta tsayawa gaban alƙali maza suna kallonta, shi ne bakina. Da la'asar ya dawo da takarda da rubutun Turanci da hatimi shuɗi, ya ce an gama. Duk Maruta babu mai karanta irin wannan rubutu, amma kowa ya ga hatimin. Don kada gara ko ruwa su taɓa ta, Kawu ya kai wa baduku ya ɗinke ta da jar fata kamar laya. Na yi iddata cif, sannan Malam ya aure ni. Takardar tana nan a ƙasan kwallata, ko ɗinkin bai motsa ba.

Saboda haka kada ki ta da hankalinki. Ranar Litinin zan ajiye wa Barau ita a gabansa, in ga da wane kunnen zai ji. Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki,
Mero

Maruta,
tsakiyar damina

Yayata A'i,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ki duba sunan garin da na rubuta a sama, kin san ba lafiya ba. Ina ɗakin Inna na da, ni da Fatsuma.

Mun je Gwaram, ni da Malam da Kawu. Na miƙa layar ina hura hanci. Magatakardan kotu, wani mai sanyin hali, ya sa reza ya farke ɗinkin a hankali, ya warware takardar. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambayi Kawu ko akwai wata. Kawu ya ce ita ke nan. Magatakarda ya ce wannan rasiɗi ne, shaidar an biya kuɗin buɗe ƙara. Ba takardar rabuwa ba ce. Ƙofar shari'a ce kawai aka buɗe, ba wanda ya shiga.

Kawu ya yi ta rantsuwa. Malam ya roƙa a duba littafin shari'a na waccan shekarar, ko an yanke hukunci takardar ce ba a ba mu ba. Aka ce littattafan zamanin En'e, tun da kotuna suka koma hannun gwamnati, an tattara su a Birnin Kudu. Washegari muka shiga mota cikin ruwa, Malam yana ta tari yana ɓoye ƙyallen da yake tofawa a ciki, yana zaton ban gani ba. Na ga jinin.

A Birnin Kudu aka kai mu wani ɗaki cike da littattafai ɗaure da igiya, shekara-shekara. Sai ka faɗi shekara da gari da sunan mai ƙara a nemo maka. Ban san shekarar da lissafin Bature ba, na ce musu kaka ta biyu bayan fara yaƙi. Yini muka yi. Da aka samo, da Larabci aka rubuta, don haka Malam da kansa ya karanta, da bakinsa. Ga sunana, ga na Barau. An ce a kawo mai ƙara da shaidu biyu ranar kaza. A ƙasa kuma an rubuta: ba ta zo ba, an kori ƙara.

Na juya na dubi Kawu. Ya ce i, ya tuna an ce masa ya kawo ni, amma ya ɗauka tunda an buga hatimi sauran duk surutun ma'aikata ne, kuma shi ba zai kai 'yar ɗan'uwansa kotu a yi ta kallo ba. Yaya, na buɗe baki zan faɗa masa abin da ba a faɗa wa kawu, sai na ga tsohon yana kuka, gemunsa yana rawa. Na haɗiye.

Alƙalin Gwaram bai wulaƙanta mu ba. Ya ce babu laifin zina a kanmu tunda ba mu sani ba, kuma Fatsuma 'yar ubanta ce ta halal. Amma igiyar Barau tana kaina, aurena da Malam ba aure ba ne, dole mu rabu daga ranar. Ya ce in ina son rabuwa da Barau in shigar da ƙara sabuwa, da ƙafata.

Malam bai yi gardama ba, kin san shi da shari'a. A bakin kotu ya ce mini in yi haƙuri, abin da Allah ya haramta ba a yi masa wayo. Na ce to wa zai dama masa kunu? Ya ce ƙanwarsa Hapsatu. Hapsatu da kununta kamar ruwan wanki! Ina jin tsoro, Yaya. Mutumin nan ba shi da ƙarfin jira.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Mero

Maruta,
bayan an yanke gero

Yayata A'i,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, da zanen da man zafin, Allah ya saka. Na aika wa Malam man.

Yau in kina son a raba aure, ki zo wurina, na zama gwana. Da farko ki je wurin magatakarda ki faɗi ƙararki ya rubuta. Ya ba ki rasiɗi, irin wanda na kwana da shi a kwalla shekara da shekaru ina jin ni sakakkiya ce. Sai a sa rana, a aika wa miji sammaci. Sai ki kawo shaidu maza biyu da za su ce ya bar ki ba ci ba sha. In bai zo ba a sake sa rana. Sai alƙali ya yi hukunci a rubuta a littafi, sannan a ba ki takardar gaske. Ashe abin ke nan. Tafiyar yini ɗaya ce da Kawu ya tafi da ni a wancan lokacin, ga shi yanzu kowa ya kalle ni har ya gaji.

Ranar da na shigar da ƙarar, magatakarda ya tambaye ni sunan mijina. Na ce Barau, da ƙarfi, har na bayan ɗaki suka ji. Ya ce sai sunan wanda na zauna da shi a Sundimina. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Sai Kawu ne ya faɗa masa. Mutumin ya daɗe yana kallona kafin ya rubuta.

Barau kuwa ya wahalar da ni. Sammaci na fari, ya tafi Kano neman haƙƙinsa na soja. Na biyu, wai zazzaɓi. Kowace rana aka ɗaga, Malam ke biya da jikinsa. An kwantar da shi a asibitin Birnin Kudu. Na je duba shi tare da Hapsatu, don yanzu ni baƙuwa ce, ba na zama da shi mu biyu. Yaya, ya ƙare, wuyan hannunsa bai fi na Fatsuma ba. Na kai kunu a kwano, na ɗauki ludayi zan ba shi, ya kau da kai ya ce Hapsatu ta karɓa. Na ce a wannan halin ma? Ya ce ai a wannan halin ne ya fi kamata. Na fita bayan ɗakin na yi kuka har na gode Allah. Ya shanye kunun tas.

Daga can ban zame ko'ina ba sai ƙofar gidan su Barau. Na tsaya a waje na ɗaga murya saboda kunnen nan nasa, duk unguwa ta ji. Na ce me zai yi da ni, mace da zuciyarta ke gadon asibiti? Ya fito, na ga shi ma ya tsufa. Ya ce shi a daji, cikin rami, da tunanin yana da mata a gida ya rayu, ya dawo ya tarar ana yi masa dariya. Na ce da ya aiko ko da layi ɗaya. Ya juya ya shige gida. Ban ji tausayinsa a lokacin ba, sai da na koma gida.

Ranar Litinin da ta wuce ya zo kotu, ba a ma kira shaidu ba, ya ce ya sake ni. An rubuta, an ba ni takarda, na sa an karanta mini ita a gabana daga sama har ƙasa. Saura idda, tsarki uku. Na aika wa Malam, ya ce a gaya wa liman ya shirya, ko a kan gadon asibiti ne a ɗaura. Ki taya ni roƙon Allah ya ara masa wata uku.

Ƙanwarki,
Mero

Maruta,
bayan Babbar Salla

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ki yafe mini.

Malam ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Saura tsarki ɗaya in fita idda. Hapsatu ta ce bai sha wahala a ƙarshe ba, ya tambayi Fatsuma, ya kuma tambaya ko saura nawa. Ta gaya masa. Ya ce ba yawa.

Kafin mota ta kai ni Sundimina an riga an kai shi. Na shiga gidan, ɗakina yana nan yadda na bar shi, har muciyata a rataye. Na wuce zan zauna a tabarmar da matar mamaci ke zama a yi mata gaisuwa, sai matar liman ta riƙo hannuna a hankali, ta zaunar da ni cikin mata masu zuwa ta'aziyya. Ba da mugunta ta yi ba, ita ma hawaye take. Mata suna shigowa suna yi wa Hapsatu gaisuwa, in sun zo kaina sai su rasa abin faɗa. Wata ta ce mini, ya haƙurin Fatsuma.

Na je wurin liman da kaina na ce zan yi takaba. Ya ce Mero, takaba ta matar aure ce, ke kuwa iddar wani ce a kanki. Na ce shekara shida fa, ni na wanke masa kaya, ni na riƙe masa kai yana tari. Ya ce ya sani, Allah ma ya sani, amma ba zai ce mini halal ba. Mutum irin Malam, wanda rabin garin nan a gabansa suka koyi Fatiha, ya tafi babu mace ɗaya da za ta cire ado saboda shi. Ni kuma ina zaune ina ƙirga wa Barau kwanaki.

Kawu Balarabe ya zo jiya ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce ko in ba shi takardar sakin ya kai wa baduku, kada ta lalace. Yaya, ban yi masifa ba, abin ya ba ni mamaki ni kaina. Na ce ya bar ta a buɗe, ba abin da za ta yi mini yanzu.

Fatsuma za ta zauna da ni har ta yi girma, danginsa sun yarda. In na fita idda zan zo Jos in kwana biyu, don Maruta ta ishe ni.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki sa maigidanki ya ba da sadaka a masallacinsu ranar Juma'a, a yi wa Malam addu'a da sunansa. Ke kin san sunan, ki faɗa musu. Alƙali ya ce ba mijina ba ne, liman ma ya ce haka, littafin Birnin Kudu ma haka. Na ɗauki alƙalami in rubuta miki shi a nan, hannuna ya ƙi. Mace ba ta kiran sunan mijinta.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Mero