Dutsen Kaɗa Bokiti

Kontagora,
4 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Meshach,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hannah da yara. Yaya aikin jarida? Na kira ka har sau bakwai ba ka ɗaga ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Yaya, na ga jaridar cocinmu ranar Lahadi bayan Misa. Wai ɗaliban kwalejinmu sun yi bore, suna jifa, Fada John ya ratsa cikin duwatsu ya kwantar da tarzoma. Ga hotona, hannu a sama da dutse. Ga sunanka a ƙasan labarin. Sai da na zauna a kan matakalar coci.

Haba Yaya! Ni fa na turo maka hoton nan. Sati uku babu ruwa a ɗakin kwananmu na mata, muka fita da bokitai wayam muna kaɗa su, wasu da cokali, ni da ɗan dutse. Ina bokitin ya tafi a hotonka? Ka yanke shi. Fada kuwa sai da muka gaji muka zube a gindin dalbejiya ya iso da ruwan leda, muka sha, ya yi mana addu'a. Ko kaza ba a jefa ba.

Kwamitin ladabtarwa na kwaleji ya kira ni ranar Alhamis mai zuwa, ga jarrabawar ƙarshe saura wata guda. Ka buga gyara, don Allah.

Ƙanwarka,
Vivian.

Kontagora,
13 ga Maris.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso. Wai ba ka je wurin ba, katikis, mai koyar da addini a coci, ne ya ba ka labari ta waya, shi ma a bakin wani ya ji. Wai bikin cikar Fada shekara goma a hidima ya matso, ana son labarin da zai ɗaga shi. To ni fa, da ni aka ɗaga shi ke nan?

Na shiga gaban kwamiti. Jaridar na shimfiɗe a kan tebur. Shugaban ya ce jaridar coci ce, kuma ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya ya rubuta, to wa zai yi mini ƙazafi? Na nuna cikakken hoton a wayata, suka ce ai yanzu kowa ya iya haɗa hoto.

Bashiru, ɗan ajinmu, ya ba da shaida cewa bokiti muka kaɗa. Fada ma, Allah ya saka masa, ya zo da kansa ya ce ko dutse ɗaya bai gani a iska ba. Suka yi masa godiya, suka ce halin ubanni ne rufa wa yara asiri. An dakatar da ni shekara guda.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na bari sai da na fito.

Vivian.

Ibeto,
2 ga Afrilu.

Yaya Meshach,

Ina gaishe ka. Mama tana lafiya, ƙafar ce dai kamar kullum. Na dawo gida, ina taya ta ɓarar gyaɗar iri. 'Yan ajinmu za su fara jarrabawa ranar Litinin.

Na ga gyaran da kuka buga a shafin baya, ƙarƙashin sanarwar ƙungiyar mata. Kuna neman afuwa wai shekara goma sha ɗaya Fada ya yi a hidima, ba goma ba. Sannu da ƙoƙari, Yaya. Ashe kun iya gyara.

Ban gaya wa Mama dalilin dawowata ba, tana zaton hutu ne. Wani ya kawo mata tsohuwar jaridar, ta liƙa ta a bango kusa da gicciye. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa: ga hoton 'yata, ga sunan ɗana, shafi ɗaya. Ka san ba ta karatu. Kullum sai ta ce in karanta mata abin da ka rubuta a kaina.

Na ce mata kana zuwa bikin Ista, kai za ka karanta mata da bakinka. Ta riga ta ware kazar da za ta yanka maka.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka har yanzu,
Vivian Audi.