Asusun Da Ya San Aure Da Mutuwa, Bai San Tukunya Ba

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta taimakon juna ta 'yan layin Dogarawa a tashar Ƙonni, tare da dattawan da ke riƙe da asusu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi, da fatan Alhaji da iyali kuna lafiya. Allah ya ba da haƙurin jama'a.

Ni ne Illa ɗan kamasho, mai kiran fasinja a bakin ƙofa, wanda kuke ce wa Illa Difilom, wai mai takardar shaidar karatu, don zolaya, saboda karatuna ya tsaya a aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko. In kun ga rubutun yana ɗingishi, ku yi haƙuri, haka mai shi yake tafiya yanzu. Na zaɓi in manna takardar nan a bangon tasha domin na je buro, ofishin ƙungiya, har ƙafata ta san matakalar, kuma abin da ya same ni yana iya samun kowa a cikinmu.

Na ɗaya. Kun sani tun bayan Sallar Layya uwar yarana take kwance. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Hannun da ya shekara goma sha bakwai yana tuƙa mana tuwo yau ko ludayi ba ya riƙewa. Yara biyar gare mu, ga tsohuwata da haƙora suka yi wa ƙaura. Dangin matar suna can Dogarawa, an aiko ƙanwarta ta yi mana wata guda, mijinta ya kira abarsa. Ban ga laifinsa ba.

Na gwada da kaina, kada a ce ban gwada ba. Tuwon da na tuƙa, rabinsa gari, rabinsa gudaji. Autana ya ɗanɗana miyar kukata ya tambaye ni ko maganin Inna ne. Matata kuwa tana kan tabarma tana son ta ce mini in rage wuta, harshe ya ƙi ba ta haɗin kai, sai ido. Rannan na yi dariya a gaban yara, sauran na ƙarasa a bayan ɗaki.

Na biyu, batun kuɗi. Na samo mai dafuwa, Inna Ige, wata dattijuwa 'yar Tsarnawa da ke zaune a bayan gari. Jika goma sha biyar na sefa muka yi da ita a wata. Da na ji haka na ce Illa ka yi arha. Ashe jikunan bakin ƙofa ne, ɗakin yana ciki. Akwai kuɗin kabu-kabu na zuwa da komawa, don ƙafarta ba ta kai nisan. Akwai kwanon mai dafuwa, wanda kowa ya san al'ada ce: abin da ta dafa sai ta ɗebi na gidanta, rana da marece, ita ma jikoki take riƙo. Wato tiyar hatsin da ke kai mu kwana biyu yanzu da ƙyar take ganin asuba ta biyu. Ga sabulu, ga turmin atamfa in salla ta zo. Da na haɗa a kaina, da irin lissafin nawa, abin ya haura jika talatin. Ni kuwa ranar da tasha ta yi kyau nake kai jika biyu gida, kuma tun da hanyar iyaka ta yi sanyi kun san ranakun kyau sun zama baƙi. Ban sa maganin mara lafiya a ciki ba.

Ba ƙarar Inna Ige nake kawowa ba. Ita ke juya matata, ita ke ba ta kunu a baki, kuma ba mu yi wannan a ciniki ba. Sai dai ta gaya mini gaskiya: aikin albasa ya buɗe a garaken Badagishiri, masu garka, wato lambu, suna neman mai dafa wa ma'aikata, sun ba ta abin da ya fi nawa. In ban cika mata jika ashirin ba, ƙarshen watan nan za ta tafi.

Na uku, wanda shi ne ya hana ni barci. Shekara goma sha ɗaya ina zuba dala ɗari, rabin jika, a asusunmu duk mako, ban taɓa ɗaukar ko tamma ba sai na suna. Da na kai kukana, sakatare ya ce doka ƙofa uku ta sani: aure, suna, mutuwa. Mai ƙarin aure jika hamsin, mai rasuwa jika arba'in na likkafani da sadaka. Mai dafuwa ba ta ciki. Sannan ya ba ni shawara, wallahi da kyakkyawar niyya, wai in ƙara aure, ga gudummawa ga mai tuwo kyauta. Waɗanda ke wurin suka yi dariya, ni ma na taya su, don ni ne mai ba ku dariya a tasha, ban iya fasa sana'a rana ɗaya ba.

Alhaji, dubi Illa da kyau. Wace baiwar Allah zan yaudara da lefe in kawo ta jinya? Mai dafuwa ko ba komai tana da albashi, kuma tana iya cewa ta gaji. Abin da ya fi ciwo, maganar ta riga ni isa gida. Matata ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito, ta ce in yi auren, ita ta yafe, don dai kada Uwani ta bar lakwal.

Uwani ita ce babbar ɗiyata, mai sunan tsohuwata. Bana take jarrabawar fita kwaleji. Ita kaɗai ce a zuriyarmu ta wuce inda na faɗi. In Inna Ige ta tafi, babu wanda zai ce mata ta zauna gida, da kanta za ta zauna, na san halinta. Tun yanzu na ga tana tambayar Inna Ige yawan kanwar da ake sa wa miya. Ni na bar lakwal don kaina ya ƙi ɗauka. Ita kanta ya ɗauka, tukunya ce za ta fitar da ita.

Ga roƙona. Ba sadaka nake nema ba. Jika arba'in ɗin nan da za ku kawo mini ranar da matata ta cika, kuna zaune a kan tabarma kuna ba ni haƙuri, ku ba ni su yanzu tana numfashi. Ku riƙa miƙa wa Inna Ige da hannunku wata-wata, kada ma su bi ta aljihuna, don na san aljihun. Za su cike gibin har Uwani ta rubuta jarrabawa. Ranar da ta Allah ta kasance, ku zo hannu sake, addu'a ta ishe ni, likkafani ko babbar rigata ce na yanka.

Sannan ina roƙon a taron da ke tafe a buɗe wa asusu ƙofa ta huɗu, ta jinya. In dattawa suna shakka, ina gayyatarsu cin tuwon hannuna kafin a zauna. Na tabbata ba za a daɗe ana gardama ba.

Watan saura kwana kaɗan. Uwani ba ta san na rubuta wannan ba, da safen nan ma ta ɗauki jakarta ta tafi.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya bar masa iyalinsa a tsaye, kada ya nuna masa ranar da zai koyi farashin tuwon gidansa.

Naku, Illa ɗan kamasho.

Wassalam.